Agogon Ƙirjin Kawu Mainasara Ya Tsaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa ne makomarmu. Ranar Talata, 16 ga watan Yuni, 2009, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, wan mahaifiyata, Malam Mainasara na Gummi, wanda mutane daga Anka har Bukkuyum suka fi sani da Ungozoma. Ya rasu a zaune a zauren gidansa, ya jingina da bango, rediyonsa na gefe. Matarsa, Inna Baraka, ta kawo masa kunu ta ajiye, ta juya za ta koma cikin gida, sai ta tsaya. Ta ce shirun da ta ji ne ya tsayar da ita. Shekara ɗaya da rabi ke nan duk wanda ya matso kusa da shi yana jin wata 'yar ƙara daga ƙirjinsa, kyas, kyas, kamar ta agogon hannu. Ranar nan ba ta ji ba.

Kawu, ni ce Zaliha. Ka san ba na iya magana idan mutane sun taru, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka bar mini saƙo in isar wa amininka Gambo, wanda ya ƙaurace maka tun kana kwance a asibiti, ka kuma bar duniya ba ka sake ganinsa ba. Ina so in ba ka labarin yadda aka yi da saƙon. Amma masu karatu ba duka suka san ka ba, balle Gambo, don haka ka yi mini haƙuri in faro daga baya.

Noma ne abin da kake ci da shi, gero da dawa da damina, albasa da rani a fadamar gulbi. Sai dai Allah ya ba ka wani irin hannu. Idan saniya na naƙuda ɗan ya zo a karkace, ko tunkiya ta haihu mabiyiya ta ƙi fita, kai ake nema. Ka naɗe hannun riga har kafaɗa, ka shafa man gyaɗa, ka yi bisimilla, ka zura hannu, ka rufe ido kamar mai sauraren magana daga nesa. Ka taɓa gaya mini cewa yatsunka suna gani a can ciki: ga kai, ga kofato, ga inda ƙafa ta lanƙwashe. Abokan wasanka ne suka sa maka Ungozoma don su ba ka haushi, kai kuwa ka rungumi sunan, har ya zama idan an yi sallama an ce Malam Mainasara, sai ka yi kamar ba da kai ake ba.

Na tuna wata damina da wata tsohuwa ta aiko daga wani ƙauye a bayan Bukkuyum, akuya ɗaya gare ta duk duniya. Ka hau babur ka tafi, ka tarar gulbi ya kawo, ka bar babur ɗin a gaɓa ka shiga kwalekwale, ka ƙarasa da ƙafa. Washegari ka dawo da taɓo har gwiwa da goro biyu a aljihu, kana ta murna.

Inna Baraka ta ce, "Duk wahalag ga don goro biyu?"

Ka ce, "Baraka, 'yan ukku tah haihwa. Na taɓa su tun suna ciki, sun jeru awa masu sahun salla."

Ba ka taɓa yanka wa kowa lada a kan wannan aiki ba, kana cewa na Allah ne. Wannan ya sa babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ɗaukar sa a matsayin sana'a, kuma nan gaba za a ga abin da hakan ya jawo.

Kai ka je ka zauna da mahaifina har ya yarda na wuce sakandare. Sharaɗin da ka gindaya mini ɗaya ne: duk hutu in zo gidanka in koya maka abin da aka koya mana. Tun kafin in ajiye akwati nake jin, "Ke 'yar boko, mi anka koya muku?" Kuma ba ka karɓar amsa haka kawai. Kai ka tambaye ni dalilin da ya sa maraƙi ba ya nutsewa alhali cikin ruwa yake kwance a cikin uwarsa. Ban sani ba. Zango guda na yi ina jin kunyar ɗaga hannu kafin in tambayi malamar kimiyyarmu. Da na kawo maka amsar, cewa ta cibiya yake samun iskarsa daga jinin uwa, ka daɗe kana kallon hannunka, sannan ka ce ashe igiyar da kake tsinkewa kullum hancin maraƙi ce.

Gambo Bafulatani ne, rugarsa na kusa da Zugu. Kun haɗu tun ba a haife ni ba, a kan wata saniya da kowa ya ce a yanka kafin ta mutu, kai ka ce a ba ka dama. Ta rayu ita da ɗanta. Daga nan kuka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Yana kiranka Kaɗo, wato Bahaushe a bakin Fulani, kana kiransa Bahillace, kuma ban taɓa ganin kun gaisa ba tare da tsiya ba. Idan ya shigo Gummi ranar kasuwa, tun daga ƙofar gida yake ɗaga murya.

"Ina Kaɗon ga da bai da ko maraƙi, amma shina shiga sirrin shanun mutane?"

Kai kuma ka ce, "Shigo, Bahillace, ka zamna bisa kujera, ka ji abin da mutanen gari ka ji."

Akwai abin da yake yi maka wanda ban ga yana yi wa wani ba. Duk ranar da ka je ruga, da kansa yake durƙusawa ya tatso maka madara a wata ƙaramar ƙwarya da aka ware dominka, ya miƙo maka da kumfarta da ɗumin hantsa. A wurinsa babu karramawar da ta wuce wannan. Wanda aka miƙa wa irin wannan madara ba ya cewa a dafa, domin faɗin haka kamar nuna rashin yarda da mai gida ne. Ka taɓa tafiya da ni, na ga ka shanye tas, kumfa ta maƙale a gashin bakinka, matarsa Habsu tana dariya tana rufe baki da gefen zane.

Ciwonka ya fara da daminar 2006. Zazzaɓi ne da ke zuwa da yamma, ya jiƙa ka sharkaf da zufa, ya tafi kamar an gama, bayan wasu makonni ya dawo. Gaɓoɓi da ƙugu suna ciwo. A kemis aka ce maleriya ce, a asibiti aka ce taifot. Wasu suka ce shawara, wasu suka ce sammu. Ka sha ƙwayoyi, ka sha sassaƙe, ka sha rubutu, kana ta ramewa. Da shekara ta zagayo sai numfashi ya fara yi maka wuya, ƙafafu suka kumbura, ba ka iya kwanciya sai a jingine. Nan ne babban ɗanka, Yaya Kamalu, ya kai ka babban asibitin Sakkwato. Lokacin muna dogon hutu, aka ce in bi Inna Baraka in taya ta jinya.

Likitan da ya duba ka saurayi ne mai sanyin murya. Ya ɗora abin sauraren ƙirji ya daɗe yana ji. Da ya cire, sai ka ce ya ara maka kai ma ka ji, tunda ƙirjin naka ne. Ya sa maka a kunne. Ka ce kana jin bugu, kana kuma jin wani huci a bayansa kamar na zugazugin maƙera. Bayan an ɗauki hoton zuciya da wata na'ura mai kama da talabijin, likitan ya yi mana bayani. Ya ce a cikin zuciya akwai ƙananan ƙofofi huɗu da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Ɗaya daga cikin naka, wadda jini ke bi ya fita zuwa jiki, ƙwayoyin cuta sun yi gida a kanta, sun cinye gefenta, ba ta rufuwa sosai. Ya ce sunan irin wannan ƙofa bawul.

Kana haki, amma sai da ka ɗago kai. "Bawul? Irin na injin ban-ruwa?"

Ya ce kusan haka.

"To na gane. In bawul ya ci, inji shina ta kuka, ruwa na komawa gulbi, albasa na jin ƙishi."

Likitan ya ce shi ya sa kake haki. Abin da ya rage masa shi ne sanin wace ƙwayar cuta ce. An ɗebi jini bai nuna komai ba, magungunan da aka fara ba ka kuma ba su saukar da zazzaɓin ba. Ya tambayi sana'arka, Yaya Kamalu ya ce noma. Ya tambaya ko kuna kiwo, Inna Baraka ta ce sai kaji. Duka gaskiya suka faɗa. Ni ma ina zaune a tabarma kusa da gadon, kuma da ni aka tambaya, abin da zan ce ke nan. A wurinmu sana'a ita ce abin da ake biyan mutum a kansa.

Sunan tsiyar nan ne ya tona asirin ciwon. Wani maƙwabcinmu direba, mai jigila tsakanin Gummi da Sakkwato, ya shigo dubiya, ya ce da ƙarfi, "Sannu Ungozoma! Ka zo nan ka kwanta, tumakin mutane na can suna wahala." Likitan yana duba mai gadon da ke kusa da naka. Ya juyo yana murmushi, ya ce, "Baba, ga gemu har ƙirji, ina ka samo wannan suna?"

Ka ba shi labari, kana jin daɗin bayarwa. Ina kallon fuskarsa, na ga murmushin yana raguwa. Ya jawo kujera ya zauna. Da hannu tsirara kake aikin? Ka ce da me kuma. Kana cin karo da dabbobin da ke yin ɓari cikin ya tsufa? Ka ce sau da yawa. Kana shan ɗanyar madara? Ka dube shi, ka ce, "Likita, bakkale kaka nuhi."

Bakkale ciwo ne da duk makiyayi ya sani. Yana sa saniya ɓari, ya hana mabiyiya fita, ya kumbura mata gwiwa da ruwa. Kai da kanka ka sha yi wa irin wannan gwiwa sakiya da ƙarfe mai zafi. Amma ka ce masa bakkale ciwon dabba ne, ba ka taɓa jin ya kama mutum ba. Likitan ya ce yana kamawa. Yana shiga ta 'yar ƙujewar da ke hannu idan an taɓa ruwan haihuwa, yana kuma bin madarar da ba a tafasa ba. Yawancin waɗanda ya kama, a zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi yake tsayawa. Kaɗan ne yake kai wa ga zuciya, amma waɗannan kaɗan ɗin su ne ya fi kashewa. Aka sake ɗibar jini don gwaji na musamman, wanda daga baya ya tabbatar shi ne.

Inna Baraka ta fashe da kuka. Kai kuwa mamaki ne ya cika ka. Ka ce, "Shekara talatin ina yi mai sakiya, ashe shi ma shina kallona." Likitan ya tambayi lokacin da ka fi yin irin wannan aiki kafin zazzaɓin ya fara. Ka ce a bazarar waccan shekarar shanun Gambo da yawa sun yi ɓari, ka yi kwanaki a rugarsa. Amsar tambaya kawai ka bayar. Direban nan yana zaune, bai tafi ba.

Magani iri uku aka ɗora ka a kai lokaci guda. Akwai kafso da aka ce kada a sha shi da nono, akwai allura kullum, akwai kuma wata jar ƙwaya da ta mayar da zufarka ja-ja, har fararen rigunanka suka rine. Ka sa na tambayi likita dalilin haɗa uku. Ya ce ƙwayar bakkale tana ɓuya ne a can cikin ƙwayoyin jikin mutum, magani ɗaya ba ya iya zaƙulo ta, kuma sai an yi watanni ana sha ba fashi. Zazzaɓin ya sauka, ka fara cin abinci. Amma ya gaya mana gaskiya, cewa bawul ɗin da aka cinye ba ya tsirowa. Magani kaɗai ba zai rufe ƙofar ba. Tiyata kaɗai kuma ba za ta yi ba, domin idan aka sa sabo alhali cutar na nan, a kansa za ta sake yin gida. Sai an haɗa biyun. Ka ce wannan ai ba sabon abu ba ne, ko a gida sai an kashe gara kafin a kafa sabon ƙyaure.

Muna can muna wannan, magana ta riga ta isa Gummi. Ba na jin direban ya yi da mugunta, labari ne mai ban mamaki ya samu. Amma kafin mako ya zagayo, abin da ake faɗa shi ne madarar Gambo ce ta kwantar da Ungozoma. Habsu ta riƙa komawa ruga da ƙoren nononta a cike. Yara suna bin ta suna cewa nonon bakkale. A kara, kasuwar shanu, dillalai suka riƙa duban gwiwar shanunsa suna wucewa. Makiyayi ba ya son a ambaci bakkale tare da garkensa ko a raɗa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne a ce ƙwaryar da yake miƙa wa amininsa da hannunsa ita ce ta cuce shi. Gambo ya taɓa zuwa Sakkwato duba ka a farkon kwanciyarka, ya kawo man shanu, kuka yi tsiyarku har ma'aikaciyar jinya ta ce ku rage murya. Bai sake zuwa ba. Kafin kaka ya tashi da garkensa, aka ce sun yi kudu.

A farkon 2008 aka samu hanyar kai ka wani asibitin zuciya a Sudan. Allah ya saka wa duk waɗanda suka tsaya har tafiyar ta yiwu. Ban je ba, Yaya Kamalu ne ya ba mu labari. Ya ce ka gajiyar da mai fassara saboda tambaya. Da aka gaya maka cewa sabon bawul iri biyu ne, akwai na ƙarfe, akwai wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce a sa maka na saniyar, ka koma ka gaya wa Bahillace ka zama ɗan garkensa, dole ya yi kiwonka. Likitocin suka ce na ƙarfe ya fi daɗewa, shi suka sa. Ka roƙi a bar ka a farke ka ga aikin, aka ce ba ya yiwuwa. Da ka farfaɗo, aka nuna maka tsohon bawul ɗin a kwalba. Ka ce ya yi kama da ganyen da tsutsa ta ci.

Abu ɗaya ya tsaya maka a rai. An gaya maka cewa lokacin aikin sai da aka tsayar da zuciyarka cak, wani inji ya riƙa juya jinin har aka gama ɗinki. Bayan ka dawo ka tambayi limamin unguwarmu: a wannan lokaci da zuciya take tsaye, ina ranka yake? Liman ya ce rai yana inda Mai shi ya ajiye shi. Ka ce amsa ce mai kyau, amma ba ta kashe maka ƙaiƙayin ba.

Ka dawo da tabo daga wuya zuwa ciki, da wannan ƙara, kyas, kyas. Ka ci gaba da shan maganin bakkale na wasu watanni, da kuma maganin tsinka jini wanda aka ce har ƙarshen rayuwa, saboda kada jini ya daskare a kan ƙarfen. Aka hana ka ɗanyar madara, aka hana ka sa hannu a cikin dabba. Yaran unguwa suka riƙa yin layi suna kara kunne a ƙirjinka, suka ce Kawu ya haɗiye agogo.

Ranar da aka fara barinka ka hau babur, Zugu ka ce a kai ka. Ka tarar da kufai, turaku a kafe, busasshen kashin shanu, ba kowa. Yaya Kamalu ya gaya mana cewa ka zauna a gindin wata marke ka daɗe. Ranar ba ka tambaye ni abin da aka koya mana ba.

Daga nan ka ɗauki wani sabon aiki. Ranar kasuwa, a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, sai ka je rumfar masu nono da ɗan risho da tukunya. Ka sayi madara, ka tafasa a gaban kowa, ka sha, ka ba na kusa. Maza suna zuwa jin agogo, kana cewa ba za a ji ba sai an saurari bayani. Wata Bafulatana ta ce maka dafa madara aikin Haɓe ne. Ka tambaye ta yadda take yin kindirmo, ta ce sai ta ɗora a wuta tukuna. Ka ce, "To ashe kin daɗe da zama Kaɗuwa ba ki sani ba." Rumfar ta ɗauki shewa. Kuma ba ka taɓa tashi daga irin wannan zama ba sai ka ce ba wanda ya san dabbar da ta sa maka ciwo, sannan ka roƙi duk mai zuwa kudu, idan ya ga Gambo na Zugu, ya ce masa Kaɗo na cigiyarsa.

Aikin haihuwar kuwa Yaya Kamalu ka koya wa, da safar hannu ta leda mai kaiwa kafaɗa. Kana tsaye a bayansa, hannuwanka a aljihu, idonka a rufe, kana cewa ya karkata hagu, ya nemi kofato. Ina ganin yatsunka suna motsi ta cikin aljihun.

Tun a Sudan an faɗa mana cewa zuciyar ta daɗe tana wahala kafin a gano ciwon, ta riga ta gaji. Da bazarar bana ƙafafunka suka sake kumbura. A hutun da ya wuce, wata la'asar muna zaure, ka kashe rediyo ka ce in matso.

"In Bahillacen ga ya zo ba ni nan, ki ce mai likita da bakinai yac ce ba mai iya sanin ko wace dabba ta. Hannun ga ya shiga shanun Anka, ya shiga tumakin Bukkuyum. In ma madaratai ta, ni nis sha, kuma duk duniya ba a taɓa ba ni abin da yak kai ta daɗi ba."

Na ce, Kawu, me ya sa ni? Ka san ko gaisuwa da kyar nake yi masa.

Ka ce, "Kamalu kuka za shi yi. Baraka hwaɗa za ta yi mai. Ke ɗai ka hwaɗin magana yadda anka ba ki ita."

Ranar sadakar uku, da hantsi, wata yarinya ta shigo ta ce ga wani Bafulatani a ƙofar zaure, ya ƙi zama cikin maza, ya ce gaisuwa ya kawo cikin gida. Inna Baraka tana takaba, ta dube ni. Na fita. Gambo ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari. A hannunsa akwai wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Ya ce tun ruwan farko suka dawo, suna wajen Bukkuyum, kullum yana cewa sai kasuwa mai zuwa zai zo wurinka.

Kawu, na faɗa masa. Ƙasa nake kallo, muryata ba ta fita sosai, amma ban rage komai ba, ban ƙara ba. Da na kai wurin daɗin madarar, sai na ji ya ja numfashi. Sannan ya kwance tsumman. Ƙaramar ƙwaryar nan taka ce, da faifai a rufe. Ya ɗaga faifan. Babu kumfa a kan madarar, sai yanar da dafaffiyar madara ke yi.

Ya ce, "An tahasa. Ni da kaina nit tsaya bisa Habsu har tat tahasa. Labari ya iske mu can, wai Kaɗo na bin kasuwa da tukunya. Tun sannan muka dahwawa, har ta yara." Ya turo ƙwaryar gabana. "Ta Kaɗo ta. Ku sha."

Na ɗauka zan shiga gida, sai ya ce, "Ɗiyata." Na tsaya.

"Wai gaskiya na, ƙirjinai na kuka awa agogo?"

Na ce gaskiya ne.

"Ƙaƙa shika yi?"

Ban san yadda zan kwatanta masa da baki ba. Sai na sa farce a bakin ƙwaryar, na riƙa bugawa a hankali, yadda na saba ji idan ina zaune kusa da kai ina karanta maka littafi. Kyas, kyas, kyas. Ya karkato kunne, ya rufe ido, irin rufewar da kake yi idan hannunka na cikin saniya. Ya ce kada in daina, ban daina ba. Can ya ce, "Kai, Kaɗo. Har zuciya sai da kas sa aka buɗe don ka ga abin da ag ciki." Yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Daga nan ya fita ya zauna cikin maza, kusa da Yaya Kamalu, ya karɓi gaisuwa tare da 'yan uwa har yamma. Madarar kuma mun sha, ni da Inna Baraka da 'yarka Mansura.

Saƙo ya isa, Kawu. Tambayar da ka yi wa liman kuwa, yanzu ka riga mu sanin amsarta, kuma wannan karon ba zan iya zuwa hutu in ji abin da aka koya maka ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mainasara, Ka yi masa rahama. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi. Duk dabbar da ya sauƙaƙa wa wahala, da duk gidan da ya faranta wa rai bai nemi komai ba, Ka sa su a mizaninsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka shayar da shi daga ƙoramun madara na Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Baraka, da Yaya Kamalu da Mansura da ƙannensu, da mahaifiyata Marka wadda ta rasa wa, da jama'ar Gummi da Anka da Bukkuyum. Ina godiya ga likitocin da Allah ya sa suka zama sanadin ƙarin kwanakin da muka yi da shi. Ta'aziyya ta musamman ga Baffa Gambo da Inna Habsu. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya kyautata namu ƙarshen, ya sada aminan nan biyu a inda babu ciwo. Amin.

Zaliha Lirwanu, Gummi